Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

   

Sharhinmu na yau ya shafi wani abin sha'awa ne da ba a cika zancensa ba a wajenmu. Akwai mutane a duniya, manya da matasa, da ke tuƙa jirgin sama a cikin ɗakinsu. In sun taso aiki, sun huta, sai su zauna gaban kwamfuta. Su tada inji. Su hau titin tashi. Su ɗaga sama. Jirgin dai ba na gaske ba ne. Manhaja ce da ke kwaikwayon tuƙin jirgi, da agogunansa, da iskarsa, da filayen saukarsa.

To, a cikin waɗannan mutane akwai wasu da suka ƙi rabuwa da tsohuwar manhaja. An fito da sabbi masu hoto kamar ka taɓa. Su kuwa suna nan riƙe da wadda ta kai shekara ashirin. Wasu na ce musu masu taurin kai. Ni kuwa a ganina suna da hujja. Hujjar ita ce zancenmu na yau. Darajar wannan abu tana cikin abin da yake koya wa mai shi. Kyan hoto ƙari ne kawai. Ku riƙe wannan, domin za mu yi ta komawa kansa.

Amma da farko, bari mu san asalin abin.

A shekarar 1929, a garin Binghamton na ƙasar Amurka, wani matashi mai suna Edwin Link ya ƙera wani akwati. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska. Sai yaron ya ɗebi zugazugin da ake sa wa kayan kiɗan, ya ɗora akwatin a kansu. Mutum zai shiga, a rufe shi. In ya ja sanda, akwatin ya karkata. Ba ya ganin waje. Agogunan da ke gabansa kaɗai yake gani.

Da fari ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Wuraren wasan yara ne suka fi saye. Sai a 1934 aka ɗora wa sojojin saman Amurka jigilar wasiƙu. Matuƙansu ba su saba tafiya cikin duhu da gajimare ba. Da dama suka rasa rayukansu cikin ɗan lokaci. Daga nan rundunar ta sayi akwatunan Link guda shida. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu, dubban ɗaruruwan matuƙa sun koyi aiki a cikin irin wannan akwati.

Ku lura da kyau, masu saurare. Akwatin nan ba shi da hoto ko ɗaya. Ba dutse, ba kogi, ba gari. Amma ya ceci rayuka. Tun daga tushe ke nan, koyarwa ce kan gaba.

Wanda ya kawo abin cikin gidajen mutane kuwa shi ne Bruce Artwick, wani injiniya a jihar Ilinoi. Shi ya rubuta manhajar farko da ta shahara a kan ƙananan kwamfutoci. A 1982 kamfanin Microsoft ya fitar da ita da sunan Flight Simulator. Hotonta na lokacin 'yan layuka ne da ɗigo-ɗigo. Duk da haka mutane suka kwana a gabanta.

To, yanzu mu zo kan tsohuwar da muke magana.

Fitowa biyu ne suka fi zama a zukatan masu wannan sha'awa. Ta farko ita ce Flight Simulator 2004. An yi ta ne don tunawa da cika shekara ɗari da tashin 'yan uwan nan biyu, su Wright, a 1903. Ta biyun ita ce Flight Simulator X, wadda ta fito a 2006. A farkon 2009 kamfanin Microsoft ya rufe sashen da ke ƙera manhajar. Mutane suka ce shi ke nan, ta mutu. Ashe da sauranta. Masu sha'awa suka ci gaba da rainonta da hannunsu fiye da shekara goma.

A 2020 sabuwa ta fito, wani kamfanin Faransa ne ya ƙera ta wa Microsoft. Gaskiya abar kallo ce. Hotunan tauraron ɗan Adam take jawowa ta intanet, ta shimfiɗa maka duniya. Amma kyan nan yana da farashi. Tana son kwamfuta mai ƙarfi. Tana son intanet mai gudu. Tana shan data ba kaɗan ba.

A nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. Mu da muke sayen data da lissafi, muke jiran a kawo wuta, wace ce tamu? Tsohuwar nan, lokacin da ta fito, ta fi ƙarfin yawancin kwamfutocin zamaninta. Yau kuwa kwamfutar gwanjo ma tana iya ɗaukarta. Da zarar ta zauna a kan na'ura, ana iya tashi ba tare da intanet ba. A cikinta akwai filayen jirgin sama fiye da dubu ashirin. Har da na Malam Aminu Kano. Har da na Yamai. Ashe tsufanta ne ya sauko da ita inda hannun talaka zai kai. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yanzu kuma mu shiga zuciyar maganar. Me take koyarwa?

Abu na farko, tana koyar da tsari. Wanda bai sani ba yana zaton da an shiga jirgi sai a taka wuta. A'a. Kafin inji ya tashi akwai jerin abubuwan dubawa. Mai yana nan? Birki a ɗaure yake? Fikafikai suna amsa sanda? Agoguna sun daidaita? Ɗaya bayan ɗaya ake bi, ba tsallake.

Wannan ɗabi'a ma tana da tarihi. A 1935, a Amurka, ana gwajin wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing. Matuƙin ƙwararre ne. Jirgin ya ɗaga, ya yi sama a miƙe, ya faɗo ya kama da wuta. Da aka bincika, sai aka ga ba a cire makullin da ke riƙe sassan tuƙi ba. Mantuwa ɗaya tak. Daga nan matuƙa suka rungumi rubutaccen jerin dubawa. Ƙwararre ma sai ya karanta.

Mutumin da ya saba da wannan a gaban kwamfuta, abin yakan bi shi waje. Ya zama mai duba mai da ruwa kafin ya kama hanya. Ya zama mai bin aiki daki-daki. Ba wanda ya yi masa wa'azi. Maimaici ne ya zaunar masa da halin.

Abu na biyu, tana koyar da haƙuri. Tashi ba shi da wuya. Ko yaro zai iya ɗaga ƙaramin jirgi kamar Cessna. Sauka ita ce jarrabawa. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Tambayar ita ce, yaya zai faɗo?

Ku saurari yadda abin yake. Ka hango titin sauka daga nesa. In ka zo da gudu da yawa, jirgin zai yi ta shawagi a saman titin har titin ya ƙare. In ka rage gudu fiye da kima, fikafikan su daina riƙe iska, jirgin ya sulale. In iska tana kaɗowa daga gefe, sai ka karkata hancin jirgin cikinta, kana tafiya a kaikaice, sai dab da ƙasa ka miƙe shi. Hannu ɗaya kan sanda, ɗaya kan wuta. Ido kan titi, ido kan agogon gudu.

Ba mai iya wannan a rana ɗaya. Za ka buga jirgin da ƙasa. Ka sake. Ka fita daga titi. Ka sake. Kuma akwai darasin da ya fi kowanne. In ka ga saukar ba ta daidaita ba, ka ƙara wuta, ka koma sama, ka zagayo. Matuƙan gaske ba sa ɗaukar wannan abin kunya. Hankali ne. Mutane nawa ne a cikinmu suka afka cikin asara don kawai suna jin nauyin fasa abin da suka fara?

Tsohuwar manhajar tana da malami a cikinta. Wani malamin tuƙin jirgi na gaske, Rod Machado, shi ya tsara darussan. Yana bi da kai tun daga miƙe jirgi har zuwa tafiya cikin gajimare. Darussan ba su tsufa ba, domin iska ba ta sauya hali ba.

Abu na uku, tana koya maka yarda da ma'auni. Wannan kuwa mu mutanen ƙasar hazo mun fi kowa dacewa mu gane shi. Mun san yadda hunturu ke yi. Ƙura ta taso daga Sahara, ta rufe gari, har a soke tashin jirage a Kano ko Maiduguri. Fasinja yana fushi a ɗakin jira, yana cewa ai jirgi yana da inji, me ya hana shi tashi?

To, shiga manhajar. Ka sa mata hazo mai kauri. Ka tashi. Nan take sama da ƙasa za su zama abu guda. Ba ka da abin dogaro sai agoguna. Ɗaya yana gaya maka tsayinka. Ɗaya gudunka. Ɗaya yana nuna ko ka karkata. Ɗaya alƙiblarka. Idonka zai riƙa zagaya su ba tsayawa. Sannan ka nemo titin sauka da siginar rediyo, titin da ba za ka gani ba sai ka kusa taɓa shi.

A jirgin gaske abin ya fi haka haɗari. Jikin mutum yakan yi masa ƙarya. Ya ji kamar yana tafiya daidai, alhali jirgin yana jujjuyawa ƙasa. Binciken hukuma ya nuna irin wannan ruɗu ne ya yi ajalin ɗan tsohon shugaban Amurka John Kennedy a 1999, yana tuƙa ƙaramin jirginsa da dare a saman teku cikin hazo. Wanda ya ɗanɗana wannan ko a kan kwamfuta ne, ba zai ƙara zagin matuƙin da ya ƙi tashi ba. Zai sa masa albarka.

Kun ga abin da nake faɗa? Tsari, haƙuri, da yarda da ma'auni. Duk cikinsu ba wanda ke buƙatar hoto mai ƙyalli. Darajar abin tana cikin koyarwarsa.

To, mu juya wani ɓangaren. Bayan tarbiyya, akwai ilimin ƙasa da tarihi.

Zan faɗi gaskiya. In ka tashi daga Kano a tsohuwar manhajar, garin da za ka gani a ƙasa ba Kanon da ka sani ba ne. Ba za ka gane Kurmi ba. Ba za ka gane unguwarku ba. Amma titin jirgin yana inda yake. Gabas tana gabas. Nisan da ke tsakanin gari da gari daidai yake.

Ka ɗauki hanyar Jidda, misali. Ka fuskanci gabas. Ka wuce Borno da yankin Tafkin Cadi. Ka ratsa Sudan, ka ƙetare Kogin Nilu. Can sai ga Bahar Maliya. In ka bar agogo yana tafiya yadda yake, za ka ji tsawon tafiyar a jikinka. Sai ka tuna cewa kakanninmu a ƙasa suka bi wannan hanya, da ƙafa da jaki da raƙumi. Wasu sun yi shekaru kafin su isa Makka. Wasu suka zauna a Sudan, zuriyarsu na can har yau suna jin Hausa. Taswirar makaranta ba ta sa mutum ya ji wannan nisa haka.

Ko kuma ka bi sawun jiragen farko da suka sauka a ƙasarmu. A watan Nuwamban 1925 ne jirage uku na sojojin saman Ingila suka iso Kano daga Masar, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Ta Sudan da Cadi suka biyo, zango bayan zango. Mai sha'awa yana iya ɗaukar ƙaramin jirgi mai farfela ya maimaita tafiyar. Yau zango ɗaya, gobe zango ɗaya. In ya iso, ya san tarihin nan sanin da ba na hadda ba.

Har ila yau, tsohuwar manhaja takan adana abin da duniya ta rushe. A birnin Shikago akwai wani ɗan ƙaramin filin jirgi a bakin tafki, ana ce masa Meigs. Shekara da shekaru, duk wanda ya kunna manhajar daga nan yake fara tashi. Mutanen da ba su taɓa taka Amurka ba sun san shi kamar tsakar gidansu. A watan Maris na 2003, cikin dare, magajin garin ya tura motocin rusau suka farfasa titin. Filin ya tafi. Amma a tsoffin faya-fayan yana nan, ana tashi ana sauka. Haka filin Kai Tak na Hong Kong, wanda jirage ke kutsawa tsakanin benaye su yi kwana mai kaifi kafin su sauka. An rufe shi a 1998. Masu sha'awa suka sake gina shi a cikin manhajar, suna gwada ƙwarewarsu a kansa.

Wannan ya kawo mu ga wani daɗin, wato aikin hannu.

Tsohuwar manhajar nan kamar tsohuwar Fijo 504 take. Kowane makanike ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ba sa wuya. Shekaru sun sa an gano duk laifinta, an kuma gano maganinsa. Mutane a ƙasashe daban-daban sun ƙera mata jirage, da filaye, da fenti, suka raba kyauta. Wani ya zana wa jirgi kalar kamfanin ƙasarsa da ya daɗe da rushewa. Wani ya gyara filin jirgin garinsu har ya yi kama da na gaske. Daga nan da yawa suka koyi zane a kwamfuta, wasu suka koyi rubuta manhaja. Sun shigo don wasa, suka fita da sana'a.

Yanzu bari in saurari masu ja da ni, domin suna da abin faɗa.

Wani zai ce, Malam, wannan ai ɓata lokaci ne. Na yarda zai iya zama haka. Duk abin sha'awar da ya hana mutum salla a kan lokaci, ko ya raba shi da iyalinsa, ko ya cinye masa lokacin nema, ya zama cuta. Jirgin kwamfuta bai fi ƙarfin wannan hukunci ba. A sa masa iyaka. Amma mu yi adalci. Awa nawa muke ƙonawa muna shafa waya, mu tashi ba mu ƙaru da komai ba? Wanda ya yi awa guda yana lissafin mai da nisa da iska, shi ne za a ce ya yi asara?

Wani kuma zai ce, to wannan zai mai da ɗana matuƙi? A'a, ba zai mai da shi ba. Kada kowa ya ruɗi kansa. Kujerar ɗaki ba ta girgiza. Ba tsoro, ba nauyin rayukan mutane a wuya. Matuƙin gaske sai ya je makaranta, irin kwalejin koyon tuƙin jiragen sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964. Sai ya ci jarrabawa, ya sami lasisi. Abin da manhajar za ta yi shi ne ta kunna masa sha'awa. Ta sa lissafi da ilimin ƙasa da Turanci su zama abin da yake nema da kansa. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Wanda kuma shekarunsa suka wuce shiga makaranta fa? Shi ma yana da rabonsa. Akwai dattijon da tun yana yaro yake ɗaga kai in jirgi ya wuce. Rayuwa ta kai shi koyarwa, ko kasuwa, ko aikin ofis. Burin bai mutu ba, kwanciya ya yi. In ya sami awa guda da dare ya tashi daga Kano ya sauka Zinder lafiya, ya kashe inji, ya sami natsuwar da ba wanda ke binsa bashinta. Ba gasa yake da kowa ba. Ba ya jiran yabon kowa. Abin sha'awa na gari ke nan.

Sai gargaɗi guda. A nemi manhajar ta hanyar halal. A guji kwafin sata, domin haƙƙin wasu ne, kuma sau da yawa yakan zo da cutar kwamfuta. Tun 2014 ake sayar da Flight Simulator X a dandalin Steam. Wanda ba shi da hali kuma, akwai FlightGear. Ita kyauta ce tun asali, masu sa kai ne suke gina ta. Ba dole sai da sandar tuƙi ba. Ana iya farawa da madannai da linzamin kwamfuta, in hali ya samu a ƙara.

Jama'a masu saurare, lokaci ya ja, bari in tattara.

Ba ina kushe sabuwa ba ne. Wanda Allah ya hore wa, ya more ta. Abin da nake cewa shi ne, kada rashin sabuwa ya hana mutum shiga. Tsohuwar tana koyar da tsari. Tana koyar da haƙuri. Tana nuna maka faɗin ƙasar Allah. Darajarta tana cikin abin da take koya wa mai ita, kuma wannan bai ragu da komai ba.

Iyaye, in kun ga yaro yana son jirgi, kada ku ce shirme ne. Ku zauna kusa da shi. Ku tambaye shi ina ya dosa, mai nawa ya ɗauka, me zai yi in hazo ya rufe shi. Ku sa masa lokaci, ku kuma sa masa albarka. Matasa, tsohuwar kwamfutar da kuka jingine a lungu tana da sauran amfani, ku kakkaɓe ta. Malaman makaranta, ku gwada nuna wa ɗalibai hanyar Kano zuwa Jidda ta wannan hanya, ku ga yadda ajin zai farka. Ku kuma dattawa, ba a tsufa da koyo.

Matuƙanmu na gaske da ke sama a wannan lokaci, da fasinjojinsu, Allah ya sauke ku lafiya. Mu kuma Allah ya ba mu abin sha'awar da zai amfane mu.